Yadda Wayar Hannu Ta Taimaka Baba Ya Koma Shago a Kwatano

Baba yana cikin auna wa wata mata shadda a shagonmu da ke kasuwar Dantokpa almakashi ya suɓuce daga hannunsa. Na ɗaga kai sai na ga bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Allah Ya sa ba mu tsaya jiƙe-jiƙe ba, muka garzaya asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta, kuma ɓangaren dama ta kama.

Bayan sallama muka riƙa kai shi wurin masu gashin ƙashi, cikin ikon Allah ƙafa ta fara takawa. Amma hannun dama ya ƙi. Mutumin da ya shekara fiye da talatin yana yanka yadi ya koma sai an sa masa riga, sai an riƙe masa buta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne abinci. Ya ce shi ba zai ci da hagu a gaban jama'a ba, don haka ya daina fitowa cin tuwon dare tare da mu, ya fara ramewa.

Mai gashin ƙashin ne ya ce mu nemi wani ƙwararre na daban, wanda masu Faransanci ke kira ergothérapeute. Aikinsa shi ne koya wa majinyaci komawa ayyukansa na yau da kullum: wanka, sa tufafi, cin abinci, girki, sana'a. Ni dai ban taɓa jin labarinsu ba, ashe tsohon fanni ne, ƙungiyarsu ta duniya ma tun 1952 aka kafa ta. Sai dai a ƙasashenmu ba su da yawa. Da ƙyar muka samu wata 'yar Kaduna da ke aiki a Legas. Muka ɗauki Baba muka bi ta iyakar Seme, ta duba shi ido da ido, ta gwada ƙarfin yatsunsa da kafaɗarsa. Da na ce mata zuwa Legas kowane mako ya fi ƙarfinmu, ga shago ga wahalar boda, sai ta ce, “Kana da WhatsApp? To mu gwada.”

A kiranmu na farko na bidiyo ba ta ce a motsa komai ba. Cewa ta yi in zagaya da ita gidan. Na nuna mata ɗakin Baba, da dokin ƙofa, da banɗaki, da inda yake alwala. Nan take ta ce a ɗauke ledar tsakar ɗaki da ta naɗe a gefe, a ajiye kujerar roba mai ƙarfi a wurin wanka, alwala kuma ya riƙa yi a zaune. Ta ce mini, “Da a asibiti muke, duk wannan ba zan gani ba.” A nan na gane amfanin wayar: ta kawo idon ƙwararriya har cikin gidanmu.

Daga nan muka tsara. Kira sau biyu a mako bayan La'asar, tunda agogon Binin da na Najeriya ɗaya ne. Nakan jingina wayar a jikin gwangwanin madara yadda za ta ga hannayensa biyu. Ran da intanet ya yi rauni, sai in ɗauki gajeren bidiyo in tura mata, ta maido da gyara ta saƙon murya da Hausa, Baba ya saurara da kunnensa. Ƙanwata ta sa ƙararrawa a waya sau uku a rana don atisaye, wata kuma don maganin hawan jini.

Kayan atisayen duk na gida ne. Ya tsinci wake daga faranti zuwa kofi, ya jera sulallan sefa ɗari-ɗari, ya ja carbi da dama, ya ninke ƙyalle. Ta koya mana cewa wajen sa riga hannun da ya shanye ake fara zurawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Cokali ta ce a naɗe mariƙinsa da tsumma ya yi kauri, don ya fi sauƙin damƙa. Har madubi ta sa muka tsayar tsakanin hannayensa: yana motsa na hagu yana kallon hotonsa kamar na dama ne ke motsi. Baba ya yi dariya ya ce, “Malama, wannan ai wasan yara ne.” Ta ce, “Alhaji, ƙwaƙwalwa muke tunasarwa.”

Sai dai mun yi kuskure guda, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Na ga wani bidiyo a intanet inda ake rataya igiya a sama, majinyaci yana jan hannun da ya shanye da ɗaya hannun. Garin neman sauri na haɗa wa Baba ba tare da na tambaya ba. Kwana biyu kafaɗa ta ɗauki ciwo, ya kasa barci. Malama ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Ta ce bayan shanyewar jiki naman da ke riƙe kafaɗa yakan saki, jan hannu sama da ƙarfi na iya ji wa gaɓar rauni, ko ɗaga shi daga shimfiɗa ma kada a kama ta wannan hannun. Kusan mako uku muka yi asara kafin ciwon ya lafa. Mai bidiyon bai san Baba ba, ita ce ta san shi.

Wani darasin kuma na sirri ne. Na taɓa tura bidiyon Baba yana kokawa da cokali a zauren danginmu, da nufin su ga ci gaba. Da ya ji, kwana biyu bai yi mini magana ba. Tun daga nan ba na ɗaukarsa sai da izininsa, kuma Malama kaɗai nake tura wa.

Ga 'yan uwa 'yan kasuwa da ke nesa da gida, shawarata ita ce: ku fara kai majinyaci ƙwararre ya gan shi a zahiri, ku tabbatar yana da rajistar aiki, sannan waya ta biyo baya. Kada a jira, domin watannin farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa. A samu mutum ɗaya a gida da zai tsaya kusa da shi lokacin kira saboda faɗuwa. In kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, babu manhajar da za ta yi magani, a nufi asibiti a take.

Yau wata takwas ke nan. Hannun bai dawo kamar da ba, almakashi har yanzu ni ke riƙewa. Amma Baba yana zuwa shago kullum da hantsi, yana karɓar kuɗi, yana aika wa abokan cinikinsa na Kano saƙon murya. Daren Juma'ar da ta wuce ya fito tsakar gida, ya zauna a tabarma, ya sa hannun dama a kwanon tuwo. Rabin lomar ta zube. Ya dube mu ya ce, “Me kuke kallo? Ku ci mana.”