Titaniyam: Ƙarfen da ke ɓoye cikin baƙin yashi

Duk wanda ya sayi gwangwanin farin fenti a Kasuwan Garba da ke Ƙaramar Hukumar Mariga, a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, mai yiwuwa ya tafi gida da titaniyam bai sani ba. Farin da ke sa fenti ya rufe bango da kyau yawanci hoda ce ta titaniyam haɗe da iskar oksijin. Ita ce kuma ake sakawa a roba da takarda da wasu nau'o'in man goge baki. Kusan kashi 90 cikin 100 na ma'adinin titaniyam da ake haƙowa a duniya a wannan hoda yake ƙarewa, ragowar kaɗan ce ake mayarwa ƙarfe.

Tarihin ƙarfen ya faro ne a shekarar 1791 a yankin Cornwall na ƙasar Ingila. Wani limamin coci mai sha'awar nazarin duwatsu, William Gregor, ya lura da wani baƙin yashi a bakin rafi wanda mayen ƙarfe ke janyowa. Da ya bincika, sai ya tarar da tama a ciki tare da wani sinadari da ba a san shi ba. Ya laƙaba masa suna daga Manaccan, ƙauyen da ya samo yashin, amma sunan bai ɗore ba.

A 1795, masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Martin Heinrich Klaproth, ya sake gano sinadarin a cikin wani jan dutse da ake kira rutil. Shi ne ya raɗa masa suna titaniyam, daga Titan, wato ƙattin da tatsuniyoyin Girkawan dā suka ce 'ya'yan ƙasa ne. Klaproth ya zaɓi sunan tatsuniya ne da gangan, don gudun kada suna ya jingina wa sinadarin wata siffa da ba a riga an tabbatar ba. Daga baya aka gane cewa abin da shi da Gregor suka gano ɗaya ne.

Sunan ya zo daidai da halin mai shi. A jadawalin sinadarai lambar titaniyam 22 ce, alamarsa kuma Ti. Wasu gaurayensa na kai wa baƙin ƙarfe ƙarfi, alhali nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe ba. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668 a ma'aunin Salshiyos. Ba ya tsatsa ko da a ruwan teku, domin da zarar iska ta taɓa shi sai wata 'yar fata siririya ta lulluɓe shi, ta hana ɓarna shiga ciki.

Wannan ne ya sa masu ƙera jiragen sama ke rububinsa. Kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyin jirgin Boeing 787 titaniyam ne. Likitocin ƙashi ma sun rungume shi, tun bayan da wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashi na manne wa ƙarfen kamar ɗan'uwansa. A 1965 ya dasa wa wani majinyaci haƙora masu tushen titaniyam. A yau ana yin kusoshin ɗaurin karaya da gaɓoɓin ƙugu da shi.

Duk da wannan daraja, titaniyam ba abu ne mai wuyar samu ba. Shi ne na tara a yawa cikin sinadaran da ke ɓawon ƙasa, ya fi tagulla da kuza yawa nesa ba kusa ba. Tsadarsa daga wahalar tacewa take. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna narka tama da gawayi da zuga-zugi, domin gawayi na raba baƙin ƙarfe da oksijin. Titaniyam kuwa ba ya yarda da haka: idan aka gasa shi da gawayi, sai ya haɗe da shi ya zama wani abu mai tauri da saurin karyewa.

Don haka sai a 1910 Matthew Hunter ya samar da tsantsarsa a Amurka. Daga baya William Kroll, ɗan ƙasar Lukzambur, ya ƙirƙiro hanyar da ake bi har yau, inda ake haɗa ma'adinin da iskar kulorin, sannan a raba su da sinadarin magniziyam a cikin rufaffiyar tukunya da iska ba ta shiga. Aikin na cin wutar lantarki da lokaci, shi ya sa ƙasashe kaɗan ne suka riƙe shi, musamman Sin da Japan da Rasha da Kazakistan.

Nahiyar Afirka na cikin manyan masu samar da ɗanyen ma'adinin. Ana haƙarsa a Richards Bay ta Afirka ta Kudu, da Moma ta Mozambik, da Saliyo, da gabar tekun Senegal. A Nijeriya, an daɗe da sanin baƙin yashin nan, wanda masana ke kira ilmanait, a filayen haƙar kuza na Jos, inda yake fitowa tare da kuza. Irinsa kuma yakan kasance cikin baƙin yashin da ke saura a gindin kwano idan masu neman zinariya sun wanke ƙasa, sana'ar da ta yaɗu a sassan Jihar Neja.

Sai dai ba kowane baƙin yashi ne ke da amfanin kasuwanci ba. Gwajin ɗakin bincike, irin wanda Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa ta Nijeriya ke yi, shi ke nuna abin da ke ciki da yawansa. Dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta tanadi cewa ma'adinan ƙasar nan suna hannun Gwamnatin Tarayya, haƙarsu sai da lasisi. Akwai kuma batun lafiya, domin tarkacen kuza na Jos kan ƙunshi ma'adinin monazait mai fitar da tururin nukiliya, wanda bai kamata a tara shi a cikin gida ba.

Ga masu tsara manufofin ma'adinai, lissafin a fili yake. Ɗanyen yashi araha ake sayensa, riba tana wurin mai tacewa. Muddin masana'antun fenti na Nijeriya na shigo da farar hodar daga waje, mai sayen gwangwani a Kasuwan Garba zai ci gaba da biyan kuɗin jirgi da canjin dala a kan abin da asalinsa ke cikin ƙasa irin tasa.