Hitar Gas a Lokacin Hunturu: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya kankama a ƙasar Zazzau, kowa yakan nemi abin ɗumama ɗaki. Kasko da garwashi su aka gada. Amma tun da tukunyar gas ta shiga gidaje, akan sami magidanci a Dutsen Abba ko ƙauyukan kewaye ya sayo hita mai aiki da gas, ko kuwa ya shigo da murhun girki ɗakin kwana ya kunna don ya ji ɗumi. Ya kamata Hakimai da malamansu su fahimci yadda wannan abu yake, domin su ne za su gargaɗi dagatai da masu unguwa.

Abin da ke cikin tukunyar ruwa ne da aka matse, haɗin iri biyu, watau furofen da butan. Da an buɗe sai ya zama iska, mudu guda na ruwan ya koma mudu fiye da 200. Saboda haka ne ba a cika tukunya maƙil, sai kashi 80 cikin 100, a bar masa wurin kumbura in ya ji zafi.

Babban haɗarin hita ba gobara ba ne, rufaffen ɗaki ne. Wuta tana cin iskar da mutum yake shaƙa. In iskar ta yi ƙaranci, wutar ba ta ci sosai, sai ta riƙa fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jini kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama iska mai kyau har ninki 200. Wanda ya shaƙe ta yakan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daga nan kasala, daga nan barcin da ba a tashi. Mai barci ba ya ma jin alamun farko. Ga shi kuwa ɗakunanmu na ƙasa tagoginsu ƙanana ne, in ɗari ya yi tsanani sai a toshe su da tsumma, a saki labule, a ja ƙofa. Ɗakin mai jego ya fi kowane shan wannan toshiya, alhali jariri ya fi kowa rauni. Garwashin kasko ma wannan gubar yake fitarwa, ba sabuwar cuta ba ce, sabuwar ƙofa ta samu.

Don haka lalle ne a bar taga ɗaya a buɗe muddin hita tana ci, a kuma kashe ta kafin a kwanta. A ɗumama ɗaki da magariba, a kashe, a ja bargo. A riƙa duban harshen wuta: shuɗi shi ne na lafiya, in ya koma rawaya yana baƙanta bango, to ƙura ta toshe kafofin, kuma ƙura ba ta wuya da hunturu. Sai a kashe, a bari ta huce, a share. Kada a ajiye ta kusa da gidan sauro ko katifa ko zana, a bar tazarar mita 1 aƙalla, kada kuma a shanya wanki a kanta.

In an tarar da mutanen ɗaki guda duk suna kukan ciwon kai a lokaci ɗaya, ko wani ya ƙi farkawa, a fitar da su fili nan da nan, a buɗe ƙofa da tagogi, a nufi asibiti da su ko da sun farfaɗo. Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika suna nan. Madara da manja da mutane suka saba ɗurawa ba sa maganin wannan guba, ɗura wa wanda ya suma kuwa yana iya shaƙe shi.

Haɗari na biyu yoyo ne. Gas ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, sai ya kwanta ƙasa ya taru a ƙarƙashin gado, daidai inda yara suke shimfiɗa tabarma. Warin da ake ji kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da gangan aka zuba shi, don hanci ya yi gadi. In an ji shi, a rufe kan tukunya, a buɗe ko'ina, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi: a shafa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Tiyon da ya tsattsage a sake shi, ɗaure shi da roba ko leda ba gyara ba ne. Tukunya a tsaye take zama, a inuwa, wadda ta yi tsatsa a gindi ko ta lotse kuwa ta gama aiki.

Sauran magana a kan masu ɗura gas daga wata tukunya zuwa wata a cikin unguwa. Ran 4 ga Janairu 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha ta Kaduna, mutane suka hallaka, a cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Ba da lasisin wannan sana'a aikin hukumar NMDPRA ne, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Yana da kyau malamin Hakimi ya riƙe jerin shagunan gas da ke ƙasarsu, ya nuna waɗanda suke jingine da gidajen kwana ko makaranta ko tukubar mai tsire, a kai wa hukuma.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai tun cikin Nuwamba, sankira ya yi shela, a kuma nemi ungozomomi su kai shi cikin gidaje, tun da yake su ne suke shiga ɗakin mai jego.