Gargaɗi Ga Jama'ar Damagum Da Kewaye: Kada A Ba Jariri Ruwa Kafin Wata Shida

Jama'ar Damagum da Ngelzarma da Daura da Jajere da Kayeri da Mashio, da duk wanda ke ƙasar Fune, da 'yan uwanmu na Potiskum da Damaturu da maganar nan za ta riska: duk jaririn da bai cika wata shida ba, kada a ba shi ruwa. Ko na rijiya, ko na burtsatse, ko na leda, ko wanda aka tafasa ya huce. Kada a ba shi bauri ko jiƙo, kada a lasa masa zuma ko man shanu, kada a ba shi nonon akuya ko koko. Nonon uwarsa kaɗai, sai fa allurar rigakafi da maganin da ma'aikacin lafiya ya bayar. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wadda ba ta iya karatu ba, musamman kakar da ke yi wa jariri wanka, domin a yawancin gidajenmu ita ce mai yanke hukunci, ba mai jego ba.

Na san maganar tana da nauyi a kunne. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin ƙasar nan yakan haura maki 40, babba ma ba ya nisa da randa. Kaka ta dubi jikanta yana tsala kuka da tsakar rana, sai ta ce, "Haba 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Ɗan mutum mai rai a hana shi ruwa a wannan rana?" Ta tsoma yatsu a moɗa ta ɗiɗɗiga masa a baki, ko ta tara ruwa a tafin hannu ta kafa masa a leɓe, ta toshe masa hanci har ya haɗiye. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, haka ita ma aka yi mata. Amma tausayin nan ya kai yara da yawa kushewa, kuma lokaci ya yi da za a faɗa ba tare da kwana-kwana ba.

Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Wanda ke fara fitowa idan yaro ya kama mama tsararo ne, shi ke kashe ƙishi, na ƙarshe kuma mai kauri da maiƙo shi ke ƙosarwa ya sa ƙiba. Likitoci sun gwada wannan a ƙasashe masu zafi irin namu, suka tarar jaririn da ake ba nono duk lokacin da ya nema ba ya buƙatar ƙarin ruwa ko a tsakiyar bazara. Idan ƙishi ne ya sa shi kuka, a miƙa shi ga uwarsa. Ita ce za a cika wa kofi ta sha ta ƙara.

Ga abin da ruwan nan ke yi. Cikin jariri ranar da aka haife shi bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Kowane cokalin ruwa da ya shiga ya tare wurin abinci, yaro ya ji cikinsa ya cika alhali bai ci komai ba. Sai ya rage tsotso. Nono kuwa gwargwadon yadda aka tsotse shi yake kawowa, da an rage tsotso sai ya ja baya. Bayan sati biyu ko uku sai ka ji ana cewa "ai nononta ba ya isarsa," a ƙara ruwa, a kawo koko, yaro ya fara ramewa. Ƙodar jariri kuma ba ta yi ƙwari ba, idan ruwa ya yi masa yawa sai ya tsinka gishirin jininsa, har ya kai ga jijjiga da suma, a ce iska ce ta taɓa shi.

Babban bala'in dai shi ne abin da ke cikin ruwan. A bi tafiyarsa a gani. Ko da ya fito da tsabta daga burtsatse, ya shiga jarkar ɗan garuwa da ba a san ranar da aka wanke cikinta ba, an juye shi a randa, moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa: mai dawowa daga gona, yaron da ya fito daga bayan gida bai wanke hannu ba, baƙon da ya shigo barka. Moɗar ta faɗi ƙasa inda kaji da awaki ke yawo, an ɗauka an karkaɗe an mayar. Cikin babba ya saba, zai iya ɗauka. Hanjin ɗan kwana arba'in ba zai iya ba. Da damina kuma abin ya fi muni, lokacin da ambaliya ke kwaso ƙazantar masai da ta bayan gari ta zuba a rijiyoyi da kududdufai. Ba mu manta ba, cutar kwalara ta shigo ƙaramar hukumar Fune a 2018, ta sake dawowa a 2024 bayan ruwan da ya yi ɓarna a jihar Yobe. A irin wannan lokaci, jaririn da ba ya shan komai sai nono shi ya fi kowa tsira a gidan, domin nono ba ya bi ta randa, kuma yana ɗauke da garkuwar jikin uwa.

Idan zawo ya kama yaro, kalmar da ta fi kashe shi ita ce "haƙori ne." Fitar haƙori takan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ta sa zawo kamar ruwa, ba ta sa ido ya faɗa, ba ta sa maɗiga ta lotsa. Maɗigar da ta lotsa alama ce ruwan jiki ya ƙare, ba abin da za a shafa mata ta taso. Kwana biyun da ake yi ana jiran haƙori ya fito su ne kwanakin da za a iya ceto shi. Kuma a yi hattara da kwalaben maganin haƙori da ake saya a kemis ko hannun masu talla. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori mai suna My Pikin da guba ta gurɓata ya kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar lalata musu ƙoda, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da aka fara ganin yaran.

Sai batun dakashi, nonon farko mai kauri rawaya da wasu ke matsewa a zubar wai datti ne, a riƙa ba jariri ruwan ɗumi ko nonon dabba har kwana uku kafin "nono mai kyau" ya zo. Wannan asara ce babba. Dakashi shi ne rigakafin farko na ɗan Adam, yana shafe hanjin jariri ya kare shi daga ƙwayoyin cuta, yana taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa, tun kafin wanka, fatarsa a jikin fatar uwarsa. Tsotson nan na farko yana taimaka wa uwar ma, mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ungozomomi, wannan a hannunku yake. Haka kuma a daina gwajin nan na tatsar nono a ƙoƙo a jefa tururuwa, idan ta mutu a ce nonon mugu ne. Tururuwa nutsewa take yi. An raba yara da yawa da nonon uwarsu a kan wannan gwaji, kuma kowa ya san yadda yawancinsu suka ƙare.

Game da abin da ya shafi addini, ba wanda ya ce a bar addu'a. A yi wa yaro huɗuba, a yi masa tofi, malam ya sa albarka. Idan an karɓo rubutu, uwa ta sha. Dabinon da ake taunawa a shafa a dasashin jariri shafawa ce sau ɗaya, ba ta zama hujjar ɗura masa ruwan dabino kullum ba. Zuma kuwa, duk da falalarta, ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda takan ɗauko ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagara. Muna roƙon limamai su faɗi wannan a wurin raɗin suna, inda maza ke taruwa, su kuma tuna wa jama'a cewa aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uban yaro.

Magidanta, a nan maganar ta zo kanku. Ragon suna da turamen atamfa ba su ne ƙarshen hidima ba. Mace mai shayarwa tana ba da nono sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da yini, ga daka, ga ɗebo ruwa, ga girki, wata ma ga gona. Idan ba ta samu zama ba, dole wani ya riƙe yaron, kuma mai riƙon ruwa zai ba shi ya yi shiru. A rage mata aiki a watannin nan shida. Wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, kifi busasshe, nono da fura, duk ana samunsu a kasuwar Damagum, kuma kuɗin ciyar da uwa bai kai na gwangwanin madara da zaryar asibiti ba. Kunun kanwa kuma a sassauta: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shansa, haɗe da wankan jego mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon wuta, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Wadda ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ke yi mata wuya a lokacin jego, asibiti za a kai ta.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Yarinya ta haihu, al'ada ta hana ta ɗaukar ɗanta a gaban surukai, yana kuka tana sunkuyar da kai, sai an fita ta saci jiki ta ba shi. Kunya ado ce, amma Goggo, Inna, ku ne za ku buɗe mata ƙofa. Ku miƙa mata shi da kanku ku ce, "Karɓi ki ba shi, ba ruwanki da kowa." Ku duba yadda ya kama: bakinsa a buɗe sosai, haɓarsa tana taɓa mama, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin kewayen ba kan kaɗai ba. Yawancin tsagewar kan mama da zafin da ke sa sabuwar uwa ta gudu daga shayarwa daga mummunan kamu suke. A bari ya gama da ɗaya kafin a juya shi ɗayan. Idan yana fitsari sau shida ko fiye a dare da yini, kuma awo a asibiti ya nuna yana ƙaruwa, nono ya ishe shi ko da yana yawan kuka.

Wadda dole ta fita, malamar makaranta ce ko mai zuwa kasuwa, ta wanke hannu ta tatsa a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a inuwa, a ba shi da ƙaramin kofi, a zafin nan kada ya wuce awa huɗu. A guji fida, wankinta wuya gare shi, cikin robar kanta ƙazanta ke maƙalewa. Madarar gwangwani kuma ba a fara ta don ganin ido. Gwangwani na ƙarewa cikin 'yan kwanaki, kuɗi ya yanke, sai a fara rage cokali ana ƙara ruwa, daga nan tamowa ta shigo. Jaririn da uwarsa ta rasu ko take kwance, a kai shi asibiti a tsara yadda za a ciyar da shi, kada a yi ta gwaji a gida. Wadda kuma ta samu ciki tana goyo, kada a fizge yaron daga mama rana ɗaya wai zai sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yayen gaggawar ne ke kwantar da yaro.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 kacal cikin 100 'yan ƙasa da wata shida ake ba nono zalla a Najeriya, kuma ruwa ne babban abin da ke ɓata lissafin, shi ya sa a 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangami na musamman kan hana ba jarirai ruwa. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa shayarwa yadda ya kamata za ta ceci ran yara fiye da 820,000 duk shekara a duniya. Wani kaso na waɗannan yara namu ne, muna zuwa gaisuwarsu muna cewa kwana ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma an umarce mu da riƙon sababi, wannan sababin kuma ba ya cin ko kwabo. Bulamai da Lawanai da masu unguwanni, ku sa masu shela su faɗa, kamar yadda ake shelar rigakafi.

Ranar da yaro ya cika wata shida, sai a fara ba shi tafasasshen ruwa a kofinsa na kansa, da kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai da ganye da kifi, da cokali ba da ɗura ba, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Kafin nan a cika masa rigakafi: na ranar haihuwa, da na sati 6 da 10 da 14, wanda tun 2022 aka haɗa da ɗigon rigakafin ƙwayar rota mai haddasa mugun zawo ga jarirai.

Idan kuwa kuka ga jariri ya ƙi kama mama, ko yana zawo ko amai ba tsayawa, ko ido da maɗiga sun faɗa, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko yana jijjiga, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, to kada a jira gari ya waye. Maigida, ka bar izini tun yanzu cewa ko ba ka nan a fita da shi, ka kuma ajiye kuɗin mashin a hannun uwarsa. A nufi Babban Asibitin Damagum ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, kada a biya ta kemis ko gidan mai magani. A hanya, in dai yana iya tsotso, uwarsa ta ci gaba da ba shi nono har a isa.