Harshen Uwa Ba Ya Nitsewa Sai an Sake Shi



Yau ina so in kai ku wata ƙasa mai nisa, sa'an nan mu komo gida Wudil. A tsakiyar tekun Fasifik akwai ƙasa sunanta Kiribas, tsibirai 33, babban birninta Tarawa. A shekarar 2020 mutanenta kimanin 120,000 ne. Ingila ta mallake su har suka sami mulkin kai a 1979. Masunta ne kamar namu na bakin kogi, matansu kuwa gwanaye ne wajen saƙar tabarma. Kowane ƙauye yana da babbar rumfar taro, ana ce mata maneaba, inda dattawa ke shawara da harshensu.

Harshen nan haruffa 13 kaɗai ake rubuta shi da su. Wani Ba'amurke, Hiram Bingham, da ya isa can a 1857, shi ya fara rubuta shi. Gaisuwarsu ita ce mauri.

Ga abin lura. A shekarun 1950 da 1960 fari da ƙarancin ƙasa suka sa aka kwashe waɗansunsu zuwa tsibiran Solomon. Jikokinsu har yau suna jin harshen. Yanzu kuma teku na cin ƙasarsu, har gwamnatinsu ta sayi fili a Fiji a 2014. Amma harshen yana nan, gama da shi ake rainon yara.

To, mu fa? Ranar Juma'a ki bi ta karar shanun Wudil, ki ji yadda Fulatanci ke tashi. Amma gidaje nawa ne cikin gari da kaka ke ji, uwa na tsintar kaɗan, jika kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba? Ba teku ta ci shi ba, sakaci ne. Hausar ma haka za ta rame in muka bar 'ya'yanmu suna jin kunyarta don sun iya Turanci.

Uwargida, ki yi wa yaronki magana da harshen da aka raine ki da shi. 'Yar makaranta, ki nemi ɗan littafi, ki zauna gaban kakarki da dare, ki rubuta sunayen kifaye, da kayan saƙa, da tatsuniyoyi, tun tana da rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu gane. Sai mako mai zuwa.