Karatun Sadarwa a Jami'a da Harshen Mai Sauraro: Misali Daga Katsina

Manufar wannan lacca ita ce a duba karatun digirin farko a fannin sadarwa, watau abin da jama'a suka saba kira koyon aikin jarida, sa'an nan a auna shi da bukatun gari irin Katsina. Akwai al'amari guda da ya kamata ɗalibi mai sha'awar fannin, da ma'aikacin gwamnati mai ɗaukar sababbin ma'aikata, su lura da shi tun da wuri. Ɗalibin sadarwa yakan shafe shekara huɗu ana koya masa da Ingilishi, ya kuma yi jarrabawa da Ingilishi, amma ran da ya kama aiki a Katsina, galibin masu sauraronsa da Hausa za su ji shi. Tsakanin harshen aji da harshen mai sauraro akwai rata babba, kuma a cikinta ne labari yakan ɓaci.

Sadarwa dai ba baƙuwa ba ce a Katsina. Tun kafin zuwan Turawa akwai sankira a fada, akwai mai shela da ke zaga unguwanni da kasuwa, akwai tambari, akwai wasiƙun sarakuna da malamai cikin Larabci da ajami. Abin da zamani ya kawo shi ne na'ura, da kuma mutumin da ake biya albashi don ya tattara labari ya tace shi. A wannan sabon aiki ma Katsina tana cikin sahun gaba. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa cikin 1921, ita ce ta yaye Abubakar Imam. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, daga nan Dokta East ya jawo shi Zariya, kuma sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi ne editanta na Hausa. Imam bai shiga ajin koyon aikin jarida ba kafin ya kama wannan aiki, domin babu irin ajin a ƙasar a lokacin. Jarinsa shi ne Hausa tsantsa, da Larabcin gida, da Ingilishin kwaleji, da sanin halin mutanen da yake rubuta wa. A zamanin yaƙi da jahilci na shekarun 1950, Lardin Katsina yana da jaridarsa mai suna Himma. Har ila yau, muryar da ta buɗe Sashen Hausa na BBC ran 13 ga Maris, 1957, ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce, mutumin wannan lardi.

Jami'a ta shigo cikin sha'anin ne daga baya. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara koyar da aikin jarida cikin 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya cikin 1966. A Arewa kuwa sai cikin 1978 Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen, kuma shekaru da dama nan ne mafi kusa ga Bakatsinen da ke neman wannan digiri. Ƙirƙiro Jihar Katsina cikin 1987 ya sa aka sami gidan rediyo da na talabijin na jiha masu bukatar ma'aikata. Dokar 1992 da ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu tashoshin. Ta fuskar makarantu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman tana ba da difloma a aikin jarida, ga kuma Jami'ar Al-Qalam da aka kafa cikin 2005, da jami'ar jiha da aka kafa cikin 2006, wadda ta koma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa cikin 2009.

Tsarin karatun kusan iri ɗaya ne a duk faɗin ƙasa, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke shimfiɗa ƙa'idarsa. Ana shiga ta jarrabawar JAMB a yi shekara huɗu, mai difloma mai kyau kuwa yakan fara daga aji biyu. Da farko a koyi yadda ake nemo labari da rubuta shi, da ɗaukar hoto, da tarihin jarida tun daga Iwe Irohin da aka fara bugawa a Abekuta cikin 1859. Daga nan a shiga ra'o'in sadarwa, da dabarun bincike, da dokoki da ladubban aikin, inda ɗalibi zai san hukuncin ɓata suna, ya san Doka ta 4 ta 1984 wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor a ƙarƙashinta, ya kuma san Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Akan tura shi wata tasha ko kamfanin jarida ya yi watanni yana koyon aiki, a aji na ƙarshe ya rubuta kundin bincike. Cikin 2020 hukumar ta ba da sanarwar rarraba fannin gida bakwai: aikin jarida, hulɗa da jama'a, talla, aikin rediyo da talabijin, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai. Rarrabawar tana da fa'ida, sai dai duk sashen da ba shi da ɗakin ɗaukar shiri mai aiki da wutar da za ta kunna shi, suna kawai ya sauya.

Kada a ɗauka ra'o'in da ake koyarwa ba su da amfani don an ƙago su a Amurka. Harold Lasswell, cikin 1948, ya ce duk sadarwa ana gane ta da tambaya biyar: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, da wane sakamako. Kafin nan, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa, da suka bi diddigin zaɓen Amurka na 1940, sun gano cewa saƙo yakan sauka ne tukuna ga wasu mutane da ake ganin girmansu, su kuma su isar da shi ga saura. Duk wanda ya zauna a majalisar dattawa bayan la'asar a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa, ko ya tsaya teburin mai shayi, ya ga wannan ra'i da idonsa: mutum ɗaya ya ji rediyo ko ya karanta a wayarsa, goma su ji daga bakinsa. Abin lura shi ne, daga wannan baki zuwa waɗannan kunnuwa, Hausa ce ke tafiya. Tambaya ta huɗu ta Lasswell, watau ga wa, ba ta amsuwa sai an san harshen mai sauraro.

A nan ne ya kamata a ɗan dakata, domin nan ne gizo ke saƙa. Yawancin labaran da ke shiga ɗakin labarai, ko daga Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, ko takardar sanarwa daga ma'aikata, da Ingilishi suke zuwa. Sai a miƙa wa sabon ma'aikaci a ce ya fassara cikin 'yan mintoci, bisa zaton tunda a nono ya sha Hausa, ya iya. Iya magana daban, iya fassara daban. A ɗauki kalmar "wai". Mai fassara yakan sa ta don ya nuna ba shi ya faɗa ba, amma a kunnen Bahaushe tana ɗauke da shakka, wani lokaci har da izgili. "Kwamishina ya ce za a gyara hanyar" labari ne. "Wai za a gyara hanyar" kuwa an riga an ƙaryata kwamishina. Haka kuma tsakanin "an kama ɓarawo" da "an kama wani da ake zargi da sata" akwai shari'a sukutum, domin na farko ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba, kuma yana iya kai tasha kotu. Ga bambancin "ya rasu" da "ya mutu", wanda in an kuskure shi an ɓata wa dangi rai. Ga lissafi: miliyan da biliyan harafi ɗaya ne ya raba su a baki, amma a kasafin kuɗin jiha ninki dubu ne. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa cikin 1955 ta fahimci wannan matsala, shi ya sa ta tsara jerin kalmomin mulki da na fasaha. Abin mamaki ne a ce gwamnatin wancan zamani ta ga dacewar haka, amma a yau ana iya ba mutum digirin sadarwa bai taɓa rubuta labari ɗaya da Hausa an gyara masa ba, bai kuma san inda ake sa ƙugiya a harafi ba.

Matsalar tsaro ta ƙara wa batun nauyi. Ɓarayin shanu, ɓarayin daji, 'yan bindiga, 'yan ta'adda: kowane suna da abin da yake ɗauke da shi, kuma na ƙarshen ya zama magana ta doka tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a kai a watan Nuwamba na 2021. Sa'ad da aka sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, alƙaluma iri iri sun yi ta yawo a wayoyi. Gwamnatin jiha ta fara ambaton 333, waɗanda aka sako bayan kwana shida kuwa aka ce 344 ne. A tsawon waɗannan kwanaki, uwar da ke jiran ɗanta ba jaridar Legas take karantawa ba, rediyo take kasa wa kunne. Wanda ke gaban makirufo a ranar yana bukatar abu biyu tare: horon jami'a da zai hana shi faɗin adadin da bai tabbatar ba, da ƙwarewar harshe da zai faɗi abin da ya tabbata ba tare da ya ƙara wa mutane firgici ba. Haka nan a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar har na tsawon watanni, intanet ta ɗauke, akwatin rediyo mai batir ya ci gaba da magana.

Gyaran ba ya bukatar a rushe manhaja, domin ƙa'idar hukumar ta bar wa kowace jami'a wani kaso da za ta cika da darussan da suka dace da yankinta. Ya kamata sashen sadarwa da sashen Hausa su haɗa hannu a kan darasin fassarar labarai, da ƙa'idojin rubutu, da karanta labari a iska, a kuma yarda ɗalibi ya gabatar da aikin gwajinsa da Hausa in ya so. Ɗalibin da jami'arsa ba ta yi haka ba, ya zaɓi darasin fassara daga sashen Hausa da kansa, ya kuma nemi a tura shi ɗakin labaran Hausa lokacin koyon aiki. Ma'aikatun gwamnati kuwa, in sun tashi ɗaukar jami'in watsa labarai, bayan duba takardar digiri su miƙa masa shafi ɗaya na kasafin kuɗi ko sanarwar rigakafi, su ba shi rabin awa ya mayar da shi Hausa, sa'an nan ya karanta wa masinjan ofis, a tambayi masinjan abin da ya fahimta.