Gyaran Bututu Ba Tare da Fasa Titi Ba

A shekarar 1971, a unguwar Hackney da ke gabashin Landan, wani injiniya mai suna Eric Wood ya gyara tsohon bututun ruwan ƙazanta ba tare da ya tona titi ba. Birnin na da dalilin maraba da dabarar: manyan magudanan da Joseph Bazalgette ya gina bayan ɗoyin da ya addabi jama'a a 1858 suna nan suna aiki, ga gidaje da motoci jibge a kansu.

Ga yadda ake yin dabarar: kafin komai sai an wanke cikin bututun da ruwa mai ƙarfi, a tura kyamara ta leƙa inda ya tsage. Sannan a kawo wata doguwar riga ta ƙyalle mai kauri, a jiƙa ta sharkaf da wani irin danƙo, a cusa ta ta ramin da ma'aikata ke shiga magudana. Iska ko ruwa ke tura ta, tana tafiya tana juyewa ciki-waje kamar safa, har gefen mai danƙon ya lafe a jikin tsohon bututun. Da an bi ta da ruwan zafi, ko tururi, ko wata fitila ta musamman, sai ta sandare. Shi ke nan an samu sabon bututu a cikin tsoho, babu mahaɗar da saiwar bishiya za ta kutsa. Wata 'yar na'ura mai yanka ce ke bin ciki daga baya tana buɗe bakin bututan da suka fito daga gidaje. Yawanci shekara 50 ake ƙiyasta wa sabon bututun.

Ribar a fili take. Ba tifa mai kwasar ƙasa, ba sabuwar kwalta, mai shago bai yi wata guda yana kallon rami a ƙofarsa ba.

Sai dai masu tallar dabarar kan yi shiru a kan abu biyu. Danƙon da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sinadarin sitirin, mai wari da cutarwa idan ma'aikata da maƙwabta suka shaƙi tururinsa, don haka ruwan da aka dafa rigar da shi ma ba na zubarwa a rafi ba ne. Na biyu kuwa, rigar siffar tsohon bututun take ɗauka. Idan an yi sakaci har ya rufta, babu abin da za ta jingina da shi, dole a koma ga diga da shebur a wannan wurin.