Tarihin karawar gwanayen jami'o'in Amurka da Harlem Globetrotters

A kowace shekara, a ƙarshen makon da ake kammala gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, akan zaɓo fitattun ɗalibai 'yan ajin ƙarshe su yi wasan baje koli, wanda ƙungiyar masu horar da 'yan wasa ta ƙasar, wato NABC, ke shiryawa.

A yau ba kasafai ake damuwa da wanda ya yi nasara ba. To amma an yi zamanin da irin wannan wasa ya fi wasannin ƙwararru na NBA jan 'yan kallo, kuma batun launin fata na daga cikin dalilan.

A shekarar 1950 ne Abe Saperstein, mai ƙungiyar Harlem Globetrotters, ya shirya jerin wasanni tsakanin ƙungiyarsa da gwanayen jami'o'i, ana bi gari gari kusan kowane dare. Globetrotters dai 'yan wasa ne baƙar fata zalla, kuma duk da sunan Harlem da suke ɗauke da shi, asalinsu daga birnin Chicago ne. Su kuwa ɗaliban, akasarinsu fararen fata ne.

An san Globetrotters da barkwanci da wasa da ƙwallo don ba jama'a dariya, abin da ya sa wasu ke yi musu kallon 'yan kama kawai, ko da yake a 1948 sun doke Minneapolis Lakers ta George Mikan da ci 61 da 59. A gaban ɗalibai irin su Paul Arizin da Bob Cousy kuwa, tilas suka rage raha suka yi wasa da gaske. Cikin wasanni 18 na shekarar farko sun ci 11.

Jama'a sun yi tururuwa. A 1951 fiye da mutum 31,000 ne suka kalli karawar da aka yi a filin Rose Bowl da ke jihar California, adadin da a lokacin babu wata ƙungiyar NBA da ke ko mafarkinsa.

Sai dai abin da ya ɗaukaka wasan shi ne kuma ya kawo ƙarshensa. A 1950 ɗin ne NBA ta fara ɗaukar baƙar fata: Boston Celtics ta zaɓi Chuck Cooper, Nat Clifton ya bar Globetrotters ya koma New York Knicks, Earl Lloyd kuma ya zama na farko da ya shiga fili. Sannu a hankali Saperstein ya rasa damar da yake da ita ta kwashe gwanayen baƙar fata shi kaɗai, kuma jerin wasannin suka tsaya a farkon shekarun 1960.

An sake farfaɗo da karawar daga baya a ƙarƙashin NABC, inda a watan Maris na 2006 ɗaliban suka doke Globetrotters da ci 87 da 83.

Yanzu ɗalibai ne ke karawa da junansu. Da yake mafi hazaƙa kan bar jami'a bayan shekara ɗaya ko biyu su tafi NBA, waɗanda suka kai ajin ƙarshe galibi suna zuwa ne da fatar wani mai farautar 'yan wasa, ko daga Amurka ko daga Turai, zai lura da su.